Infoman Makon Matasa

Ranar Lahadin rufe makon matasa, cocinsu da ke Narayi ya cika har bakin ƙofa. Dorcas ce ta shirya wasan kwaikwayon bana, ita ce kuma ta nace sai saurayinta Nelson, direban keke, ya fito a infoma, mai tsegunta wa masu garkuwa da mutane wanda za su ɗauka. Ta gaji da mugayen wasan coci masu shafa gawayi suna zare ido. Ita mugun da ke tafiya da hankalinta a littattafai shi ne mai sanyin murya, wanda za ka ba shi kujera da hannunka.

Akwai wani dalilin kuma. Asabar mai zuwa dangin Nelson za su zo gaisuwa, mahaifinta Baba Joshua, dattijon ikilisiya, bai gama sakin jiki da yaron ba. Ta so ya ga hazaƙarsa.

A cocin ba a rubuta wa ɗan wasa magana. Labari ake ba ka, ka faɗi abin da ya zo bakinka, mugu kuma ya tuba a ƙarshe.

Nelson ya fito da farar riga, ya gai da jama'a da ladabi, ya kara waya a kunne. Murmushin da ya yi sai da ya taɓa zuciyar Dorcas. Bai taɓa yi mata kyau irin na yau ba, har ta ji kunyar kanta.

Da fari dariya aka yi ta yi. Sai ya fara kiran sunayen gaske, don wasan ya yi armashi. Ya gaya wa mutanen daji cewa karen gidan Mama Celina ya mutu, katangar baya kuma gajera ce. Ya faɗi inda 'yan biyun mai ba da waƙa a coci ke tsayawa jiran kekensa in an tashi makaranta. Dariyar ta yi ƙasa ƙasa, ta ɗauke. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Dorcas ta yi ta ɗaga masa hannu daga gefen bagade, bai kalle ta ba.

"Akwai wani dattijo," in ji shi cikin wayar, a hankali. "Talata yake zuwa gona shi kaɗai. Kunnensa na hagu ba ya ji, ta nan za ku ɓullo masa. 'Yarsa za ta sayar da komai."

Zancen kunnen nan Baba ya ɓoye wa kowa. Dorcas ce ta gaya wa Nelson, suna hira a cikin keke.

Da aka zo tuba ya durƙusa ya yi kuka yadda aka saba, amma tafin bai kai ya kawo ba.

Bayan sujada mutane suka riƙa kauce masa. Mai waƙa ta ce masa daga gobe ƙaninta zai riƙa ɗauko yara, ya huta. Nelson bai gane ba tukuna, ya nufo Dorcas da fara'a yana kiranta Madam Darakta, yana tambayar ko ya yi ƙoƙari. Kafin ta amsa, Baba Joshua ya iso, ya juyo masa da kunnen dama a gaban kowa.

"Yarona, tun yaushe kake tsara wannan?"

"Ban tsara ba, Baba. Ina buɗe baki ya zo da kansa."

Da gaskiyarsa ya faɗa, Dorcas ta sani, abin da ya ƙara tsinka mata zuciya ke nan. Baba ya ce ya yarda wasa ne, amma a cikin ɗaruruwan da suka saurara, wa ya san zuciyar kowa? Gona dai ya bar ta ke nan bana. Ya ce a gaya wa dangin Nelson su dakata da zuwa.

Nelson ya juyo ga Dorcas, idonsa ya kawo ruwa, yana jiran ta ce wani abu. Tana son shi har ranta, ta kuwa buɗe baki. Sai ta tarar tana lissafa sauran abubuwan da ta taɓa gaya masa game da gidansu. Baba ya kama hanya, ta bi bayansa.