Mashigar Lusenga

Tun daga kwana Shija ya hango bas ɗin, fari mai ratsin kore, ya turo hancinsa kan layin dogo ya tsaya cik. Shija ya danna jiniyar jirginsa, ya ja birki iya ƙarfinsa. Ƙafafun jirgin suka yi ƙara, suna feshin wuta. Amma taragu ashirin ne a bayansa, maƙare da auduga, kuma shekara goma sha tara yana tuƙin jirgi, ya san ba ya tsayawa don an roƙe shi.

Ya san bas ɗin. Na ƙaninsa Mhoja ne.

*

Ranar Lahadin da ta wuce suna cin tuwon masara da kifi a gidan mahaifiyarsu Kabula, ya sake yi masa maganar.

"Mhoja, mashigar Lusenga ba shinge. Tun bara ɓarayin ƙarfe suka cire shi, fitilar ma ta mutu. In ka ji jiniya, ka tsaya."

Mhoja ya yi dariya har da ƙwarewa. "Yaya, wannan kunkurun naka? Kafin ka iso na kai kasuwa na dawo. In na tsaya, fasinja su zage ni, na baya ya kwashe na gaba, mai mota ya karɓe makulli. Kai za ka ciyar da ni?"

"Sau huɗu ina kai ƙara ofis."

"Suka ce me?"

"Ana dubawa."

"To, nima ina dubawa."

Kabula ta ce, "Ku ci abinci, don Allah. Kullum ku sai jirgi da mota."

*

Yanzu Shija yana iya ganin fuskoki a tagogin bas ɗin. Wata mata tana dukan gilashi da tafin hannu. Ƙofar direba ta buɗe, Mhoja ya diro, ya ruga ƙofar fasinja yana fizgarta, ta ƙi. Ya ɗago ya dubi jirgin, ya daka tsalle gefe.

Shija bai rufe ido ba. Ya so ya rufe, ya kasa.

Sai da suka wuce gonakin rake guda biyu kafin jirgin ya tsaya.

*

Mutum goma sha ɗaya suka rasu. Manya suka zo daga birni a motoci masu sanyi, suka yi jawabi a bakin mashigar, suka ce kafin damina za a kafa sabon shinge. Aka yanke wa Mhoja shekara bakwai. Shi kuwa Shija aka ce ba shi da laifi, aka ba shi hutun sati biyu.

Da ya je wurin Kabula, ya tarar tana ɗaure kwanon abincin da za ta kai gidan yari.

"Mama, wallahi na ja birki."

"Na sani, ɗana."

"Tun daga kwana na ja."

"Na ce na sani." Ba ta ɗago ba. Ta ƙara wa ƙullin ɗauri, duk da ya riga ya ɗauru.

*

Damina ta zo ta wuce. Ranar da ya sake biyowa ta Lusenga, ya fara jiniya tun da nisa, bai saki ba. Ciyawa ta rufe ramuka biyun da aka haƙa don sabon shingen. Wani mai babur ya tsallaka a guje, ɗauke da mace mai goyo, tana toshe wa jaririn kunne saboda ƙarar.