Ɗigon da Ya Nufi Kamuku

Usama ne ya kawo abin daga Kaduna, cikin wani ɗan kwali mai sheƙi, yana ta washe baki kamar ya samo maganin ciwon Baba gaba ɗaya. Ƙanena ne fa, ni na goya shi, amma tun da ya samu aikin ofis yake yi min magana a hankali a hankali, sai ka ce ni ce mai mantuwar ba Baba ba.

"Yaya Karima, kin ga wannan? In yana jikin Baba, duk inda ya sa ƙafa za mu gani a waya. Ni ina Kaduna, ke kina gida, Naziru yana gareji, kowa yana gani."

Na ce, "Yana yin wanka da wankin zanen gado?"

Ya yi dariya. Ni kuwa ba wasa nake yi ba.

Mahaifinmu, Malam Labaran, ciwon mantuwa ya kama shi 'yan shekarun nan. Da mijina ya rasu na tattaro na dawo gida, tun daga nan ni ce cinsa, ni ce shansa, ni ce mai lallashi in ya rantse an sace masa fartanya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fita. Sai ya miƙe ya ce za shi gona, alhali gonar tana can hanyar dajin Kamuku, inda rabonmu da takawa tun da mutanen daji suka hana noma a wajen. A garin nan kowa ya san wanda dajin ya ɗauke masa. Mu dai har lokacin Allah ya tsare, kuma kullum addu'ata ke nan.

Gaskiya abin ya yi amfani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na'urar ba ta fi akwatin ashana ba. A wayar kowannenmu akwai taswirar gari da wani shuɗin ɗigo, ɗigon nan shi ne Baba. In ya wuce kan layinmu wayar ta yi ƙara. Akwai kuma inda kowa zai taɓa ya nuna ya ba shi magani ko ya kai shi masallaci, don haka faɗan "ai na ɗauka ke kika ba shi" ya ƙare tsakanina da Naziru, autanmu. Matsalar ɗaya ce, Baba ya ƙi a ɗaura masa a hannu. Da aka rataya masa a wuya, a cikin randa na tsinto shi. Sai na ɗinke shi a cikin aljihun babbar rigarsa, shuɗiyar nan da ba ya yarda ya fita ba tare da ita ba, na bar 'yar kafa ta yin caji.

Ranar Juma'a ce, fitar Naziru ce da shi. Na fesa wa Baba turare, na gyara masa hula, suka tafi. Ina tankaɗen garin tuwo aka sauko daga masallaci, ina jin hayaniyar mutane a waje, sai wayar ta yi ƙara. Ban ma goge hannuna ba kiran Usama ya shigo.

"Yaya, ina Baba?"

"Yana tare da Naziru."

"Ba ya tare da kowa. Duba wayarki."

Na duba. Ɗigon ya bar masallaci, ya wuce kasuwa, yana tafiya. Na sha ganin tafiyar Baba a taswirar nan, kamar ta tururuwa take. Wannan kuwa tsalle yake yi, kafin na ƙifta ido ya bar gidajen ƙarshe na gari.

Usama ya ce, "Ba ƙafa ba ce wannan. A kan babur yake."

A Birnin Gwari in an ce an ɗauki tsoho a babur an nufi daji, ba sai an ƙara bayani ba.

Naziru ya faɗo gidan ba sallama, takalman Baba a hannunsa. Ya ce ya sunkuya ne kawai ya nemo su a cikin tarin takalma, da ya ɗago Baba ba ya nan. Ya zagaya masallacin, ya shiga cikin mutane, sannan wayarsa ta yi ƙara. Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga yadda ya ƙanƙame takalman, na fasa.

Muka tsaya a tsakar gida mu biyu, kawunanmu a kan waya ɗaya, Usama yana magana ta ɗayar. Ya ce ya kira wani abokinsa da ya san jami'an tsaro. Ya ce ya aika wa shugaban 'yan sa-kai hoton taswirar, an ce a jira a tara mutane. Ɗigon dai bai jira kowa ba. Ya bar kwalta, ya kama hanyar burji, ya ratsa gonakin da har yanzu ake iya nomawa. Da ya kai inda taswirar ta koma kore zalla sai ya tsaya. A ƙasansa aka rubuta cewa nan aka gan shi na ƙarshe.

Usama ya ce, "Sabis ne ya ƙare. Daga nan ba za mu sake ganinsa ba."

Naziru ya ajiye takalman a bakin ƙofar Baba, ya jera su. Daga yadda ya jera su na san abin da ke ransa.

Na ce, "Ba inda za ka."

"Na san wurin, Yaya. Gindin tsamiyar nan ce kafin rafi. In na yi sauri zan riske su kafin su tsallaka."

"Ka riske su ka yi musu me? Da sifana za ka yaƙe su?"

"In roƙe su. In ce ba shi da lafiya, bai ma san sunan garinsu ba. In sun ƙi su riƙe ni su sako shi."

Na riƙe masa riga. Na ce wa Usama ya yi masa magana, tunda shi ake jin maganarsa. Sai Usama ya ce, "Baba bai sha maganin rana ba, ga shi nan a waya ba a taɓa ba." Wallahi da yana kusa da na mare shi. Ban ce ya ce wa yaron ya tafi ba, amma bai ce kada ya tafi ba.

Naziru ya zare hannuna a hankali. Ya ce, "A hannuna ya ɓata." Ina ji ya tayar da babur a ƙofar gida, ƙarar ta yi nisa.

Na zauna a kan turmi da waya a cinya. Maƙwabta suka fara shigowa, don labari irin wannan ba ya buƙatar mai kai shi. Kowacce ta shigo sai ta leƙa wayar, ta ga ɗigon a cikin kore, ta yi salati ta nemi wuri ta zauna. Da can in Baba ya ɓace, yara ake watsawa lungu-lungu, a je a yi cigiya a lasifikar masallaci, a tambayi masu shayi da masu faci. Ranar ko mutum ɗaya bai ce a yi haka ba, har da ni. Me za a nema a cikin gari, ga shi muna kallon inda yake?

Na kira Naziru, ta shiga bai ɗauka ba. Na sake kira, aka ce ba a samun layin.

An yi la'asar ke nan, mata sun fara tashi ɗaya bayan ɗaya za su ɗora girki, sai na ji sallama daga zaure, muryar mace. Alice ce, wadda take koyarwa a firamare, gidansu yana can bayan tsohuwar kasuwa. Ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, "Maman Ruƙayya, fito ki karɓi baƙonki."

Baba ne a bayanta. Daga shi sai 'yar ciki da wando da hula, ƙafarsa cikin silifas ɗin mata, yana riƙe da dafaffiyar masara ya ci rabi.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na shafa fuskarsa, na shafa kafaɗunsa, ina kuka ina dariya. Ya janye jikinsa, ya ce wa Alice, "Wannan matar lafiyarta ƙalau kuwa?"

Alice ta ce tun bayan saukowa daga masallaci ya shigo gidansu ba takalmi, ya zauna a gindin mangwaro, ya ce gidan kakarsa ne. Ta ba shi ruwa, ta ba shi masara, ya yi barcinsa. Ba ta da lambata, ga ta ita kaɗai da jariri, sai ta jira ta ji ko za a yi cigiya. Da ta ji shiru har mijinta ya dawo, ta riƙo hannunsa suka taho.

Sai a lokacin idona ya tsaya a kan 'yar cikin.

"Baba, ina rigarka?"

"Wace riga?"

"Shuɗiyar. Wadda ka tafi masallaci da ita."

Ya ɗan yi tunani, ya gatsi masara. "Na ba wani bawan Allah. Tasa ta yage a kafaɗa, ga shi daga ƙauye ya zo. Mutum ya zo Juma'a da yagaggiyar riga ina kallo?"

Na zauna a ƙasa. Halinsa ne tun muna yara. Marigayiya Inna har ɓoye masa riguna take yi ranar Juma'a, don ya sha dawowa gida da 'yar ciki. Ya manta sunayenmu, ya manta ya ci abinci ko bai ci ba, amma wannan bai manta ba. Wani talaka ne can ya samu kyautar riga, ya yi godiya, ya hau baburinsa ya koma ƙauyensu a bakin daji. Shi muka zauna muna kallo tun azahar.

Na kira Usama. Na ce, "Ga Baba a gida. Rigar ya bayar."

Ya ce, "Alhamdulillahi," da ƙarfi. Da ya sake magana muryarsa ta zama ta ƙaramin yaro. "Naziru fa?"

"Kai za ka gaya min. Ba kai ne mai taswira ba?"

Na san ban kyauta ba, amma haushi da tsoro sun cika min ciki, dole su fita ta wani wuri. Ya ce zai kira 'yan sa-kai ya gaya musu yanzu ba tsoho ake nema ba. Ya ce zai tura wa Naziru saƙo, da ya samu sabis zai gani ya juyo. Ni ma na yi masa saƙon murya, na ce, "Auta, ka dawo, Baba yana gida, ka dawo don Allah." Saƙon ya tsaya a wayata, bai tafi ba.

Alice ba ta koma gida ba. Ita ta zuba wa Baba ruwa a buta, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce in ba shi maganinsa. Na ba shi, ya haɗiye ba gardama, abin da bai saba ba. Na dama masa kunu don hannuna ya samu abin yi. Duk babur ɗin da ya wuce a layi sai na miƙe, in ya wuce in koma in zauna. Rana ta sauka kan katanga, kaji suka fara neman akurki.

Sai wayar ta yi ƙara. Sunan Naziru ne a kai.

Na ɗauka da sauri har ta kusa faɗuwa. "Auta, kana ina? Baba yana nan, ka juyo."

Iska na fara ji, da kukan shanu can nesa. Sannan wata murya ta yi magana, muryar saurayi, ba gaggawa a cikinta ko kaɗan.

"Ba shi ba ne. Yana nan wurinmu, lafiyarsa lau. Ya ce wai tsohonsa yake nema."

Na ce, "Ku ba ni shi in ji muryarsa."

"Za ki ji. Mu ba ma magana da mata. Ba mu babban gidan."

Na juya na dubi Baba. Yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, ya shanye kunun, yana bin gefen kwanon da yatsa yana lasa. Da ya ga ina kallonsa ya yi min murmushi irin wanda yake yi wa baƙi, ya ce, "Baiwar Allah, ko akwai ƙari?"

Alice ta karɓi kwanon daga hannunsa ta nufi madafa. Na goge fuskata da bakin zane, na juya wa Baba baya don kada ya ga idona.

Na ce, "Ni ce babban gidan. Yi magana, ina jin ka."