Ja da Rawaya don Zaituna

Tun hantsi Zaituna ta ɓace a kasuwar Asihar da ke garin Tamanrasset. Mahaifiyarta Rakiyatu ta saki hannunta ne kawai don ta ɗaure bakin ledar shinkafa, ta juyo ba ta gan ta ba. Ta yi ta zagaye rumfuna tana kiran sunanta har muryarta ta dishe, alhali ta san kiran banza take yi. Zaituna kurma ce tun haihuwa, ba ta ji, ba ta magana. Shekarunta bakwai, kuma idan ta tsorata, lungu take nema ta ƙudundune, ba ta fitowa ga kowa.

Mahaifinta Sufyanu yana kan bene a shantiye, wurin ginin da yake aiki, yana shafar bango aka kira shi. Ya sauko da sumunti a hannu, ya hau motonsa, wato babur, ya bi Asihar layi-layi, ya gangara cikin busasshiyar ƙoramar da ta ratsa gari, ya hau unguwar Gatalwad, ya koma. Yana nuna hotonta a waya, mutane suna girgiza kai. Komsariyar 'yan sanda kuwa ba ya iya zuwa, don takardunsa na zama a ƙasar sun daɗe da mutuwa. Maƙwabcinsu Elhaji Muhammad Kabir, mai kantin atamfa, shi ya rufe kantinsa ya tafi ya kai rahoto.

Ana kiran azahar Sufyanu ya shigo gida ko Allah ya sa ta komo da kanta. Ya tarar da Rakiyatu zaune a ƙasa a tsakar gida, kallabinta a cinya. Ta ɗaga kai ta dubi bayansa, ta ga ba kowa, sannan idonta ya tsaya a kan moton.

"Baban Zaituna, da wannan kake nemanta?"

"To da mi zan neme ta?"

"Ba ta san shi ba. Ko gabanta ka wuce ba za ta fito ba."

Ya juya ya dubi moton. Fari ne fat, irinsa sun cika Tamanrasset. Kwanan nan ya same shi bayan tsohon ya mutu murus. Tsohon kuwa yana da zane ja da rawaya tun daga goshi har wutsiya, wanda wani abokinsa ya yi masa a Damagaram. Kullum da yamma Zaituna takan tsaya bakin ƙofa, da ta hango ja da rawayan nan daga ƙarshen layi sai ta ruga tana buga hannuwa. Tun da aka sake moto ta daina rugawa, sai ya cire hular kwano ta ga fuskarsa.

"A cikin wannan cunkoso ba za ta tsaya duban fuskoki ba," in ji Rakiyatu. "Kanta a ƙasa yake. Na san ɗiyata."

Ya ja moton zuwa gindin bango, ya shiga ɗaki ya jawo gwangwanayen ragowar fentin da yake kwasowa daga wurin aiki. Ja akwai, na ƙofar ƙarfe. Rawaya ya bushe ya zama dutse. Ya buga gwangwanin da bango, ya fita da gudu ba takalmi, ya bi gidajen 'yan uwansa magina yana buga ƙofa. A can ƙarshen layi wani ɗan Maraɗi mai suna Tahiru ya miƙo masa rabin gwangwani ta saman ƙofa, bai ko tambayi dalili ba.

Ya goge jikin moton da tsumma da isans, wato man fetur. Ya ɗauko sikoc ɗin takarda mai liƙewa zai ja layi, zafin ƙarfe ya hana shi kamawa, yana liƙawa yana ɓarewa. Ya yi jifa da shi.

"Wanne ne a sama, ja ko rawaya?" ya tambaya. Abin da ya hau shekara da shekaru, yau ya ɓace masa daga kai.

"Ja a sama. Rawayan ya fi faɗi, kuma yana lanƙwasa wajen ƙafa." Rakiyatu ta matso ta durƙusa, ta ja yatsa a jikin moton. "Nan ya bi. Har ƙasa, kusa da taya."

Ya bi yatsanta da buroshin bango, wanda ya yi wa aikin girma. Fentin yana zuba yana gangarowa, yana sharewa da gefen riga. Kowane jan buroshi sai zuciyarsa ta ce masa: kana nan kana fenti, ɗiyarka tana can da ƙishirwa. Ya tuna motocin da suke ɗaukar mutane zuwa wuraren haƙar zinariya, da waɗanda suke gangarawa In Gezam ta bakin iyaka, ya tuna ba wanda zai tambaye ta sunanta ta faɗa. Ya miƙe zai bar aikin a rabi, Rakiyatu ta riƙe masa ƙafar wando.

"Ƙarasa ɗaya gefen. Ba ka san ta inda za ta gan ka ba."

Ya ƙarasa. Zanen ya fito a karkace, wani wuri kauri, wani wuri siriri. Bai jira ya bushe ba. Ya hau, wandonsa ya manne da fenti, ya bar hular kwano a ƙasa.

A hankali yake tafiya yanzu, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Iska ta kwaso rairayi ta watsa wa ɗanyen fentin. Wasu samari a bakin gidan shayi suka nuna shi suna dariya, ɗaya ya ɗaga murya da Larabci yana tambayar wa ya yi masa wannan ɓarna. Bai waiwaya ba. Ya shiga layin masu turare, ya fito ta na masu tabarmi, ya tsaya a kowace mararraba ya juya moton hagu da dama don a gan shi da kyau. Yara da yawa sun dube shi. Babu tasa a ciki.

La'asar ta wuce, masu rumfuna suka soma ɗaure kaya. Isans ya kusa ƙarewa, moton yana shaƙewa yana farfaɗowa. Ya zagaya bayan kasuwa inda manyan motocin kayan lambu suke tsayawa, wurin da ya riga ya duba da safe. Nan moton ya mutu. Ya taka, ya taka, ya ƙi tashi. Sufyanu ya sauka ya tsuguna a gefensa, ya dafe kai da hannuwa masu fenti. "Ya Allah," kawai yake iya faɗi. "Ya Allah, ba ta ji. Kai kake ji."

Kusa da shi wata babbar mota da ta sauke tumatir daga gonakin Utul ta tayar da inji. Direban ya rufe ƙofa. Sai wata tsohuwa da ke zaune kan buhu ta zabura tana kururuwa da yarenta na Tamahak, tana dukan jikin motar da tafin hannu. Sufyanu ya ɗaga kai. Daga ƙarƙashin motar, tsakanin tayoyin baya, wani ɗan hannu ya fito, sannan kai mai kitso biyu cike da ƙura. Rarrafe take yi, idonta a kan rawayan da ke kusa da tayar moton, ba ta san injin da ke bisa kanta yana ruri ba.

Bai san lokacin da ya faɗa ƙasa ya finciko ta ba. Direban ya kashe mota ya diro yana salati, fuskarsa ta yi fari. Zaituna ta ƙanƙame wuyan ubanta da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Leɓɓanta sun tsage, rigarta ta jiƙe da fitsari ta bushe. Tsohuwar ta kawo ruwa a kwano, yarinyar ta sha har tana ƙwarewa, tsohuwar tana shafa mata baya tana magana, ba wanda ya fahimci abin da take cewa a cikinsu.

Sufyanu ya ciro waya zai kira Rakiyatu, yatsunsa suka kasa danna komai. Direban ne ya karɓa ya nemo masa lambar. Da ta ɗauka, Sufyanu ya buɗe baki, magana ta ƙi fita, sai kuka.

"Tana da rai?" in ji Rakiyatu. "Baban Zaituna, ka yi magana. Tana da rai?"

"Tana hannuna."

Direban ya ɗora moton a bayan mota tare da kwandunan da ba komai ciki, ya sa su a gaba, ya tambayi unguwa. Kafin su fita kasuwa Zaituna ta yi barci a ƙirjin ubanta, jikinta da zafin zazzaɓi. Sufyanu ya ce wa direban su fara biyawa ta wajen likita.