Gashin Lamba Sha Huɗu

Kofin kunun bai kai bakin Yaya Ummu Hani ba. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ya hau kaɗawa, rabi ya zube a zanenta. Ta yi dariyar kunya, sai na hango dasashinta ya kumbura ya yi duhu. Na san wannan rawar hannun. Na karanta ta a littafi, na ma koyar da ita a aji.

"Sanyi ne, Humaira," in ji ta. "Kin san Argungu da damina."

Ƙarya take yi, mu duka mun sani. Ni da na taso tun daga Gwadangaji, can Birnin Kebbi, da kaji biyu da albishir ɗin ƙarin girma da aka yi mini a jami'a, sai na rasa inda zan ajiye albishir ɗin.

Ana haka maƙwabciyarta Riskuwa ta yi sallama, ta zo aron rariya. Tana ganina ta tsaya cak. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Likitar gashi ta zo ke nan," ta ce. "Baiwar Allah, ki maido muna gashinmu. Tun randa kinka yanke shi ba mu sake lafiya ba. Ni barci ya gagare ni, maƙwabciyarmu Umma ta yi ɓari har biyu, ga yayarki nan kina gani."

"Riskuwa, ɗauki rariyarki ki tafi," in ji Yaya. "Na hana ki wagga magana a gidana."

Ta ɗauka ta fita, tana waiwayena kamar ta ga mayya.

* * *

Bari in faɗi yadda aka yi, ba kwaskwarima.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce. Shekara uku da suka wuce ina digirin dokta, bincikena a kan zinariya ne, yadda za a haɗa sinadarin da zai kama ta ya rabo ta da ƙasa ba tare da zaiba ba. Zaiba ruwan nan ne mai nauyi da ƙyalli da mahaƙa ke cuɗa garin dutse da shi. Yakan dunƙule da zinariyar, sai an ƙona dunƙulen a wuta ya tashi hayaƙi, zinariyar ta saura. Hayaƙin ba launi, ba wari, amma ƙwaƙwalwa yake ci.

Mijin Yaya, Rabi'u, yana cikin masu sayo dunƙulen daga wajen mahaƙa su kawo gida. A unguwarsu mata ne ke ƙonawa, a cokalin ƙarfe bisa garwashi, cikin ɗaki, ƙofa da taga a rufe ruf, don kada a san akwai zinariya a gidan ɓarayi su kawo ziyara.

Malamina, Farfesa Abiodun, wanda ya fi shekara ashirin a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi ya ce aikin zai fi armashi in muka nuna illar zaiba a jikin mutane. Ana gane yawanta ne a gashi. To wace mace ce za ta ba baƙo gashin kanta? A wurinmu ko wanda ya zuba wajen tsifa tattarawa ake yi a binne, kada wani ya yi mugun abu da shi.

Yaya ce ta share mini hanya. Ita ce mai kitson unguwar, kowane kai ya san hannunta. Ta bi su gida-gida tana cewa, "Ƙanwata ce, ciki ɗaya. In wani abu ya same ku, ni ku kama." Mata ashirin da biyu suka sunkuyar da kai na datsi gashi daga ƙeya. Na zuba a ambulan, na rubuta lamba maimakon suna. Yaya ce lamba sha huɗu.

Bayan wata huɗu sakamako ya fito. Dukkansu sun haura ƙa'ida, amma lamba sha huɗu ta kere kowa nesa ba kusa ba. Na ruga ofishin Farfesa da takardar.

"Sir, dole in je Argungu in gaya musu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Humaira, natsu. Sai mun sake ɗaukar gashi bayan shekara mu gwada da wannan. In kika gaya musu yanzu za su sauya yadda suke yi, awo na biyu ya lalace. Kuma magana in ta fita kafin a buga, wani ne zai riga mu. Shekara ɗaya ce kacal."

Ba zan ɗora masa duka ba. Bai ɗaure mini baki ba, bai ƙwace mini waya ba. Ni ce na ga digirina na neman suɓucewa, na ce to. Abin da kawai na yi, na kira Yaya na ce ta riƙa buɗe taga saboda hayaƙi. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai 'yar boko, so kike a yashe mu?" Ni ma na yi dariya. Wallahi na yi.

Awo na biyun ma ba a yi shi ba. Aka shiga yajin aiki, aka dawo na'urar ta lalace. Muka buga abin da muke da shi a wata mujallar waje, da Turancin da ko ɗalibaina sai da ƙamus. Sinadarin nawa ya yi aiki, ya kama zinariya tsaf a cikin kwalbar gwaji, sai dai babu kasuwar da ake sayar da kayan haɗinsa a ƙasar nan. Aka yi mini tafi, aka kira ni Dokta. Argungu kuwa na riƙa zuwa da Sallah in juyo a ranar, don ba na son kallon ɗakin nan.

* * *

Bayan fitar Riskuwa na matsa kusa da Yaya na gaya mata komai. Na ce ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne, hayaƙin cokalin nan ne. Na ce gobe zan kai ta asibiti, kuma kada a sake ƙona komai a ɗakin.

"Ni ai na daina tun bara," ta ce. "Cokalin ba ya tsayawa a hannuna. Rabi'u ke yi yanzu, nan ɗakin dai." Ta miƙo mini hannun. "In an je asibitin, hannun zai dawo?"

"Za a hana abin ƙaruwa, Yaya. Wanda ya riga ya lalace, ban sani ba."

"A gashin kinka ga haka?"

"E."

"Yaushe?"

Na so in rage, bakina ya ƙi. "Shekara uku, saura kaɗan."

Na jira ta zage ni, da ma ta mare ni. Sai ta zuba wa hannuwanta ido suna ta rawa a cinyarta.

"Lokacin kuwa ina kitsa kai biyar a wuni," ta ce a hankali. "Kin san mi sunka ce? Sun ce kin ɗauki gashinmu kin je kin samu ɗaukaka da shi, kin bar mu da ciwo. Babu gidan da ban shiga na rantse ba. Har Alƙur'ani na dafa, Humaira."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, na laluba ban sami inda maganar ta karkace ba. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina.

Ta zame ɗankwalinta. Kan ya cukurkuɗe, tsohon kitso ya dunƙule ya yi datti. Matar da ta yi mini kitso tun ina 'yar shekara huɗu.

"Wata biyu ke nan," ta ce. "Ba mai taɓa min kai, ni kuma ban iyawa. Tsefe min."

Na zauna a kujera ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, yadda nake zama a gabanta a da. Na fara tsifa ina lallaɓawa, hawaye na ɗiga a ƙeyarta. Gashin yana ta biyo matajin. Da ya taru na cire shi na dunƙule, na ajiye a gefen kujera.

Ba ta juyo ba. Hannunta ne kawai ya miƙo ta baya yana karkarwa, ya yi ta lalube har ya sami dunƙulen. Ta ɗauke, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Sau uku ƙullin yana kwancewa, ba ta ce in taya ta ba.

"Ci gaba," in ji ta. "In ya sake zuba, ki miƙo min a hannu."