Kujerar Tsakiyar Ɗaki

Maƙwabciyata Yaya Tela ta girme ni, ta fi ni kyau, ta kuma fi ni baki, ko da yake ni ce unguwa ta laƙaba wa suna Rediyo. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a gaban keken ɗinkinta. Allah Ya tashi kafaɗunta, ƙafa ta dawo da ɗan ɗingishi, amma baki ya karkace gefe guda, ido ɗaya kuma ya sauko ya ƙi komawa.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti ɗanta ya kawo mata jikarta, 'yar mitsitsiyar da take kira Ƙawata. Yarinya ta dube ta, ta tsandara ihu, ta ɓuya a bayan uban.

"Kada ka sake kawo min ita," in ji Yaya. "Ba zan zama dodon da za a riƙa tsorata ta da shi ba."

Tun daga nan ba wanda ya sake ganin fuskarta. Kullum hannunta mai lafiya yana riƙe da gefen mayafi a kan baki, ko ni sai ta juya baya take shan ruwa.

Ni kuwa ina da wurin zuwa. Akwai gidan fasaha a tsakiyar gari, inda ake wasan kwaikwayo da kiɗa da nunin hotuna, duk kyauta. Ba wai na fahimci hotunan ba ne. Akwai sanyin na'ura, kuma a nan ake ganin wa ya zo da wa. A can na ga mai kemis ɗinmu da wata da ba matarsa ba, amma wannan zancen wata rana ne.

Na yi ta yi wa Yaya naci har ta gaji.

"Rediyo, ke ba a kashe ki ne?"

"Makunnin ya lalace, Yaya. Tashi mu je, duhu ake yi a zauren kiɗan, ba mai ganin ki."

Muka je. Ashe ranar an ɗaga kiɗan, ga matakala mun hau, ga ƙafar Yaya tana rawa. Na tura ƙofar farko da na gani. Ɗaki ne mai manyan tagogi, mutane sun yi da'ira a tsaye, kowa da allo a gabansa da farar takarda. Ba wurin zama ko ɗaya sai wata kujera mai laushi a tsakiya, har da matashi. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai tarbiyya, sun bar wa manya. Na zaunar da Yaya, na gyara mata zani.

Sai na ji ƙarar fensira ta ko'ina, kamar ɓeraye a cikin kwali.

Wata doguwa mai gawayi a yatsu, malamar ajin, ta matso ta rusuna. "Sannu da zuwa, Mama. Mun gode, wadda muke jira ba ta zo ba. A nan duk wanda ya hau kujerar nan shi ake zanawa."

Yaya ta harare ni da idon nan mai lafiya. Na san da muna gida da na sha zagi har na kakannina. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ce ba yanzu ba.

"Ki huta kawai," in ji malamar. "Yadda kike ɗin nan ma ya isa."

Na koma jikin bango ina kallon masu zanen. Akwai wani mai sanƙo da ya ce min tsohon direba ne, da wata mai ciki, da 'yan mata biyu masu raɗa, da wani dattijo da ke lumshe ido ɗaya yana auna Yaya da fensir daga nesa. Abin da na lura da shi, ba wanda ya kawar da kai. Tun da ciwon nan ya same ta, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya dubi bango ko ƙasa yana "sannu, sannu". Waɗannan kuwa kallon ta suke yi kai-tsaye, su duba takarda, su sake ɗagowa, kamar yadda ita take kallon yadi kafin ta sa almakashi.

Can hannunta ya gaji. Na ga mayafin yana zamewa a hankali, har ya faɗo kan kafaɗa. Na ɗaga ƙafa zan je in rufe ta.

"Yauwa, Mama, kada ki motsa," in ji mai sanƙo. "Dama haɓar nake nema tun ɗazu."

Fensira suka ci gaba. Yaya ta ajiye hannun a cinya, ta bar shi a can.

Da aka gama, malamar ta ce a juyo da alluna, wai haka suke yi, wanda aka zana shi ke fara gani. Jama'a, na ga abin mamaki. Mai ciki ta yi mata wuya kamar na buta. Dattijon nan mai aune-aune ya ba ta kunnuwa kamar faranti. 'Yan matan kuwa sun miƙe mata baki sambal, sun mai da ita budurwa.

"Wannan wace ce?" in ji Yaya. "Ko a ranar aurena ban kai haka ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ita ma ta yi, da rabin bakin, har da hawaye. Rabona da jin dariyar nan tun kafin asibiti.

Ta daɗe a gaban na direban. Shi bai gyara komai ba. Ga bakin a karkace, ga idon a sauke, amma duk wanda ya san ta ya san ita ce, kamar yanzu za ta ce ɗinkinka sai jibi.

"Haka nake?"

"Haka na gani, Mama. Hannuna bai ƙware ba tukuna."

"Ya fi na mai kunnuwan can," ta ce. Ta shafa gefen takardar da yatsa. "Ashe dai ba dodo ba ce. Tsohuwa ce kawai."

Ya naɗe mata zanen, ya ɗaure da zare. Muna saukowa a matakala, hannunta ɗaya a kafaɗata, takardar a hammata, ba hannun da ya rage na riƙe mayafi, ba ta kuma nema ba.

"Rediyo, kira min ɗan nan nawa. Ki ce ya zo ya karɓi wannan ya kai wa Ƙawata, ta yi ta kallo har ta saba. In ta saba, ya kawo min ita."

"In kuma ta sake ihu fa?"

"Sai in yi nawa, mu ga wanda zai gaji. Kira shi mana, kin tsaya kina kallo na kamar ke ma zanen za ki yi."