Kyandir ɗin Goggo Zamfira

"Baba Pamfil! Buɗe! Kana da kyandir?"

Ina tsakiyar shan shayin safe yarinyar nan ta kusa ɓalle min ƙofa. Sanda ce, ɗaya daga cikin yaran tashar jirgi masu kwana a ramin bututun ruwan zafi. Shekara goma sha tara maƙwabciyata Zamfira tana tara irinsu a ɗakinta na ƙasa, ta wanke su, ta cika musu ciki da miyar wake, ta koya musu karatu da zane.

"Ke, ƙofar ubanki ce?"

"Ba ni da uba, tsoho. Goggo ce za ta tafi."

Ba ni da kyandir a gida, na bi ta haka. Kowa ya san wanda ya cika babu kyandir a kunne a hannu, cikin duhu zai yi ta lalube a lahira. Ni kuwa mutum goma sha ɗaya na riƙe wa, ko ɗaya bai kuɓuce min ba. Ramin haƙar kwal ya rufta da ni na fito da ƙafata. Ban san bihim ba, amma na san mutuwa fiye da likita.

Zamfira na kwance, numfashi sama-sama, yara shida sun yi jugum a jikin bango. Na zura hannu bayan hoton Maryamu, inda kowace tsohuwa ke ajiye nata. Wayam.

"Ina wanda kika ajiye?"

Ta nuna tebur da ido. Ƙwai ne na Ista jere a faranti, an zana su da kaki, an tsoma a jan rini.

"Kaki ya ƙare mana ran Laraba," ta ce. "Muka narkar da kyandir ɗin."

"Na mutuwarki? Ke dai tun kina budurwa ba ki da wayo."

"Kai kuma sai baki." Ta kama hannun rigata. "Pamfil, tsoro nake ji."

Na bubbuga ƙofa uku, duk an tafi aiki. Ta huɗu aka leƙo, aka ga Sanda a bayana, aka ƙara murza makulli.

"Bari in ruga coci," in ji Sanda. "Na fi ka ƙafa."

"Ke? Ni da na taka daga garin Petroșani zuwa nan cikin ƙanƙara? Zauna ki riƙe mata hannu."

Tsakaninmu da cocin layi huɗu ne kawai. A layi na biyu gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Na jingina da shagon burodi ina haki kamar tsohon kare, mutane na kewaye ni suna wucewa. Na isa dai, na karɓo, na dawo ina jan ƙafa.

Tun daga matakala na ji shirun.

Zamfira ta riga ta cika, Sanda na riƙe da hannun har yanzu. Ba ta yi kuka ba.

"Sau biyu ta tambaye ka," ta ce.

Wani ƙarami ya ce, "Mu muka cinye mata haskenta, ko?"

Yaran suka ɗauki ƙwai ɗai-ɗai suka sa a aljihu, suka kama hanyar tasha. Sun san ba mai sake buɗe musu wannan ƙofa.

Da rana matan bene suka fara taruwa a bakin ɗakin da baƙaƙen ɗankwali. Tambayar farko ke nan: "Da kyandir ta cika?"

"Ni kuke tambaya?" na ce. "Goma sha biyu ke nan."

Suka yi alamar gicciye, suka ce an gode Allah. Sanda ba ta bi sauran ba, tana tsaye a ƙofar waje. Ta dube ni, ta dubi aljihun kwat ɗina, ta juya ta tafi.

Na hau ɗakina na rufe. Na ciro kyandir ɗin daga aljihu, lagwaninsa fari fat, kowa ya gani zai gane. Na ƙyasta ashana na kunna, na tsaya riƙe da shi a bakin taga ina jira ya yi baƙi. Rana ta ƙwalle sosai, da ƙyar ake ganin wutar.