Tawul a Kan Sabon Allo

Ita da bakinta ta nema, abin da ya fi ci wa Kozue rai ke nan. Ta daɗe tana damun Kawu Tsuneo, mai gidan wasan da ke bayan tasha a Osaka, wai allon injin kiɗansa ya tsufa, hotonsa na jan ƙafa. Shi kuwa bawan Allah bai tashi sauya shi ba sai safiyar ranar da za a cike ƙungiyar da za ta wakilci gidan a gasar Tokyo. Gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu na nema: Kozue, wadda ta riƙe shi shekara da shekaru, da Hinako, ɗalibar jami'a, wadda ita Kozuen ce ta koya mata ɗora yatsu a kan maɓallai.

Waƙa uku za a buga, wadda ta ci biyu ita ce mai tafiya.

Tun a waƙar farko Kozue ta san da matsala. 'Yan sandunan da ke zubowa daga saman allo, waɗanda ake danna maɓalli daidai lokacin da suka taɓa jan layin ƙasa, yau kamar an koro su. Lambar gudun tana nan yadda ta saba sa ta, amma sabon allon ya fi tsohon girma nesa ba kusa ba, idonta sai hawa da sauka yake. Ga injin kuma yana ta rubuta mata abu guda: ta yi wuri, ta yi wuri. Hinako ta cinye ta ba tare da ta ko yi gumi ba.

"Kin ce tsohon na jan ƙafa," in ji Kawu Tsuneo, "to ga mai gudu nan na kawo miki."

"Yaya, ki ɗan rage gudun mana," Hinako ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma yaushe kika fara koya mini wasa?"

Ta faɗa ne da zafi, amma tsoro ne fal cikinta, don ta gano ba gudun ba ne kaɗai. Tsohon allon yana jinkirin nuna hoto, ɗan jinkirin da ido ba ya kamawa, shi ya sa yatsunta suka koyi dannawa tun sanda ba ta kai layi ba. Shekarun nan duk a kan wannan jinkirin ta gina hannunta, tana zaginsa. Sabon kuwa ba ya jiran kowa.

Ta cire tawul ɗin wuyanta ta rataya a saman allon, ya rufe fiye da rabinsa don idonta ya daina hawa da sauka, kamar yadda tsofaffin 'yan wasa suke yi. Samarin da ke kallo suka fara 'yar dariya. Ita ko a jikinta. Waƙa ta biyu tsohuwa ce, ta san ta kamar tafin hannunta, sai ta bar kunne ya ja ragama, ido na bi a baya. Da ƙyar ta ci, amma ta ci.

A al'adar gidan, waƙar raba gardama mai gida ke zaɓa, cikin sababbin da babu wadda ta taɓa bugawa. Nan kunne ba shi da abin da ya haddace. Hinako ta fara, ta ajiye maki mai nauyi, ta koma gefe tana murza yatsu.

Kozue ta ɗage tawul ɗin sama kaɗan. A ranta take ta ce wa yatsunta su jira, su jira sanda ta taɓa layi, kuma suka jira. Makinta na hawa, har ya kusa kamo na Hinako. Sai kusa da ƙarshe sandunan suka zubo a cunkushe, babu sararin tunani ko na ƙiftawar ido. Hannun ya koma abin da ya sani. Ta yi wuri.

Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma a wasan nan ba a ƙara wa kowa.

Hinako ta rusuna, idonta ya kawo ruwa. "Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Kin fi ni yau." Kozue ta ninke tawul ɗin ta danƙa mata. "Ba ki san allon da za ki tarar a Tokyo ba. Sa shi a jaka."

A bakin ƙofa ta tarar da tsohon allon jingine da bango, an naɗe masa wayarsa.

"In kina so ki tafi da shi gida," in ji Kawu Tsuneo, wannan karon ba da tsokana ba.

Ta daɗe tana kallon allon. "Bar wa 'yan gwangwan, Kawu."

Ta tsaya jiran danja a bakin titi, kiɗan waƙar nan na fitowa daga ciki, wani ya sake sa ta. Yatsunta suka kama bugawa a cinyarta su kaɗai, kuma ko a nan ɗin suna riga kiɗan.